Safar Hannun Zulai

Gyara zama, Ummi, ki ɗauki biron. Labarin ƙuruciyata da na aurena kawunki ne ya rubuta mini, amma wannan ke za ki rubuta da hannunki, don naki ne. Yadda na faɗa haka za ki sa, kada ki gyara mini magana don ta yi daɗin ji. In kin ga ina kuka ki ƙyale ni ki ci gaba da rubutunki, hawayen tsohuwa ba ya neman izini. Ni ban san baƙi ba, ko alif ban iya ja ba, amma abin da idona ya gani a gidan babanki a Rogo Sabon Gari ranar da aka haife ki yana nan a zuciyata yadda yake, ko ɗigo bai goge ba.

Shekaranjiya Zulai ƙanwar uwarki ta kira waya, na miƙa miki, kika kau da kai kika ce ba ki da abin faɗa wa matar da ta yi ƙyamar uwarki tana bakin mutuwa. Ban yi miki faɗa ba. Da wannan maganar aka yaye ki a can gidan, da ita kika yi wayo, ba ki taɓa jin wata ba. To yau za ki ji wata.

A lokacin da nake ba ki labari, ɗan asibitin garinmu na nan Tudun Kaya namiji ne kaɗai a cikinsa, wani bawan Allah mai haƙuri da ke ba da ƙwayar zazzaɓi yana ɗaure rauni. Mace mai ciki ba ta zuwa wurinsa, ko ta so mijinta ba zai bari ba. In haihuwa ta zo da gardama sai a yi ta jiƙe-jiƙe da rubutu har ƙarfi ya ƙare, sannan a ɗora ta a amalanke a nufi Karaye. Da yawa a hanya ake juyowa da su. Ƙanwar kakanki Malam ma haka aka juyo da ita, shi ke riƙe da igiyar shanun. Shi ya sa ranar da dattawan gari suka taru a zauren mai unguwa suka ce an buɗe hanya, ana ɗaukar 'yan matan ƙauye a koya musu aikin nas da karɓar haihuwa a Kano su dawo su yi wa garinsu aiki, suka kuma ce a cikin waɗanda suka gama sakandare ba su ga mai nutsuwar Zulai ba, Malam bai yi dogon tunani ba. Ya shigo gida ya ce mini gari ya roƙe shi 'ya, shi kuma ya bayar. Na ce masa sa'o'inta duk suna ɗakinsu, wasu da goyo. Ya ce wanda ke nemanta, wani malamin firamare daga Yola ta nan wajenmu, ya ce zai jira. Ranar da za ta tafi har bakin mota aka raka ta, mata na ta sa mata albarka suna cewa ta yi sauri ta dawo ta fitar da su kunyar maza.

Duk hutu sai ta dawo da sabon abu. Ta hana ni shan kanwa da yawa, ta sa aka rufe bakin randa, ta riƙa ja wa mutane fatar ido tana leƙawa. Wata rana ina tsince wake ta fito da wata aba fara mai santsi kamar balan-balan, ta zura hannunta a ciki tana gwadawa. Na ce mece ce wannan kuma, ko hannun naki ne ya fi ƙarfin taɓa talaka yanzu. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ba ni take karewa ba, ita matar take karewa. Mai haihuwa a buɗe take kamar sabon rauni. Dauɗar da ke ƙarƙashin farcena in ta shige ta, ita ce zazzaɓin nan da ke kashe masu jego."

Ki riƙe wannan maganar, Ummi, za mu dawo kanta.

Uwarki ita ce 'yata ta fari, kin san kuwa ba a kiran sunan ɗan fari, don haka ni ma Yaya nake ce mata yadda ƙannenta ke faɗa. Tsakaninta da Zulai akwai ratar shekaru, ita ta goye ta, amma wasa suke kamar abokai. Haihuwarta ta fari a ɗakin nan ta yi ta, ta biyu a gidan mijinta, duk lafiya lau. Cikinki ne ya zo mata da kasala da kumburin ƙafa. Da Zulai ta samu hutu a shekararta ta ƙarshe, sai ta wuce Rogo don ta kama mata aikin gida. Ita ta ba ni labarin yadda uwarki ta tarbe ta, tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta ce ga likita bokan Turai, zo ki duba mini wannan tulun, mutum ne a ciki ko tuwon jiya. Zulai ta ja mata fatar ido ta ga fari fat, dariyar ta tsaya mata. Ta sami babanki ta durƙusa ta ce jinin Yaya ya yi ƙasa ƙwarai, don Allah wannan karon a asibiti za ta haihu. Ya ce in lokacin ya yi a gani. Kakarki ta wajen uba, Hajiya Kande, tana jin su daga ɗakinta, ta ce ita duk 'ya'yanta a bayan ƙyaure ta durƙusa ta haife su, ko tarinta ba wanda ya ji.

Kaka ce, ana cirar gyaɗa, maza duk sun watse gonaki tun da sassafe. Ni ban san ranar ce ba. Na daka yajin jego, na ƙulla daddawa da kuka, na bi motar kasuwa don in kai mata in juyo, tunda zama a gidan suruki ba namu ba ne. Da hantsi na yi sallama. Tun daga zaure na ji kukan jariri, zuciyata ta yi fari, sai dai ban ji guɗa ba. Na tarar da Zulai a tsaye a ƙofar ɗakin uwarki, Hajiya Kande ta tare ƙofar da jikinta.

Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba, bari in gaya miki. A wurinmu mace ba ta haihu ba sai mabiyiya ta faɗo. Kafin nan ba a guɗa, ba a barka, ba a yanke cibiya, ba a aika wa namiji ko da mijin ne, wai in labari ya riga ta fita sai ta ƙi fitowa. Ke kin faɗo tun rana ba ta yi zafi ba, mabiyiya ta tsaya. Ungozoma na ciki, Zulai na waje tana magiya.

"Hajiya, ki bar ni in leƙa kawai, ba zan taɓa komai ba."

"Ki leƙa me? Ke da ko lalle ba a sa miki ba, za ki ga yayarki a durƙushe? A makarantar taku ba a koyar da kunya ne?"

"Hajiya, a asibiti na karɓi haihuwa da hannuna, ba ɗaya ba, ba biyu ba."

"Can ne. Nan gida ne."

Ni aka bar ni na shiga, tunda na haifa. Hayaƙi ya cika ɗakin, an zuba barkono a garwashi don ta yi atishawa, ungozoma ta zura mata muciya a baki don ta yi yunƙurin amai, wai mabiyiyar ta biyo. Ke kina kwance a kan tsumma da cibiyarki. Uwarki na durƙushe ta dafa bango, gumi na zuba, ba ta ce uffan ba, don an koya mana mace ba ta raki. Jini kuwa ya jiƙe zannuwan da aka tara mata, ya bi ƙasa yana gangarawa. Na haihu, na ga haihuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na ce wa ungozoma jinin nan bai yi yawa ba kuwa. Ta ce dauɗar ciki ce, gara ta fita duka. Na fito, Zulai ta riƙe hannuna ta ce Inna, jinin ya kai ina. Na ce ya kusa dokin ƙofa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza kamar tata a lokacin ba.

Ni da Hajiya Kande surukai ne, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ko ido ba ma haɗawa sosai. Ranar na ajiye kunya na durƙusa a gabanta a tsakar gidanta, na kama ƙafarta, na ce ta dubi girman Allah ta bar yarinyar nan ta shiga, gari ne ya tura ta koyon wannan aikin. Ta janye ƙafarta ta ce in tashi, abin da ba a taɓa yi ba ba za a fara shi a gidan ɗanta ba. Muna cikin haka rana na ta hawa. Sai muka ji murya daga ɗaki, siririya, maganar farko da uwarki ta yi tun da naƙuda ta kama ta.

"Ku bar mini ƙanwata ta shigo."

Ko Hajiya Kande ba ta iya tare wannan ba. Ta matsa.

To ga abin da aka gina ƙaryar a kansa, ki rubuta shi dalla-dalla. Zulai ba ta faɗa ɗakin kai tsaye ba. Ta ja buta ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zaro farar safar hannun nan ta roba daga jakarta ta zura. Duka bai kai a karanta Fatiha a shafa ba. Ungozoma na kallonta daga ciki, ta taɓe baki ta ce, au, ashe ƙyama ce ta tsayar da ke a waje. Matan gidan da suka taru a tsakar gida duk sun ji. Zulai ko waiwaye ba ta yi ba. Ta fitar da garwashin, ta jefar da muciyar, ta kwantar da uwarki ta ɗora ƙafafunta a kan buhu. Ta ɗaure cibiyarki ta yanke da sabuwar reza. Sannan ta ɗauke ki ta ɗora ki a ƙirjin uwarki ta sa miki nono a baki. Nan ɗakin ya kaure da salati, wai za ta shayar da jaririya dakashi, nonon farko da muke matsewa mu zubar don muna cewa cuta ne. Ta ce tsotson jariri yana sa mahaifa ta tsuke jini ya ragu, a ƙyale ta. Ta durƙusa a cikin jinin nan, gwiwoyinta biyu a ciki, tana murza marar uwarki tana kiran Yaya, Yaya, kada ki yi barci. Mai ƙyama ke durƙusawa a cikin jini? Rigar da ta sa ranar ni na wanke ta daga baya, na yi ta sauya ruwa yana fita ja, har na gaji na haƙa rami na binne ta.

Da ta ga mabiyiya ta ƙi, jini kuma bai tsaya ba, ta ce wannan ya fi ƙarfin gida, sai asibiti, sai an yi mata allura an ƙara mata jini, yanzu-yanzu. Hajiya Kande ta ce matar aure ba ta fita ba da izinin mijinta ba. Zulai ta ce to a aika masa. Aka ce ba a aika wa namiji mabiyiya ba ta faɗo ba. Ta kira wayarsa, ashe ya bar ta wurin mai caji. Kin ga yadda aka rufe ta ta kowace ƙofa? Sai ta kama hannuna ta ɗora a marar uwarki ta nuna mini yadda zan riƙa dannawa, ta ce kada in saki ko me za a ce. Ta fita a guje, ba mayafi, ba takalmi, safar na hannunta jina-jina, ta ratsa tsakiyar gari da rana tsaka har gonar babanki.

Zan faɗi gaskiyar babanki, don ba na son in tafi kabari da hakkin kowa. Yana jin labari ya yar da fartanya. Ya tare a-kori-kurar da ta zo kwasar gyaɗa, ya shigo gida yana tambayar me ya sa ba a gaya masa ba tun da safe. Amma an riga an yi azahar. Muka shimfiɗa ta a bayan motar a kan harawar gyaɗa, kanta a cinyar Zulai, ni ina riƙe da ƙafafunta, sun yi sanyi kamar randa. A hanya ta buɗe ido ta dubi ƙanwarta.

"Bokan Turai, ta sha kuwa?"

"Ta sha, Yaya. Ta sha sosai."

Ta yi ɗan murmushi. Muna hango ƙofar asibitin, uwarki ta cika. Tsaya, Ummi. Bari in share fuskata.

Kafin sadakar uku labari ya gama gari, kuma ba wanda na ba ki yanzu ba ne. Wai Zulai ta tsaya a waje tana yatsina, ta ƙi taɓa yayarta sai da ta sa safa. Wai ta danne mata ciki har jini ya ɓalle. Wai ta ba jaririya dakashi, ta kuma fita tsirara-tsirara cikin maza kamar mahaukaciya. Ba wanda ya ambaci tare ƙofa, ba wanda ya ambaci muciya da barkono. Ina zaune a wurin makokin ana faɗa a bayana, in na juya a ce mini sannu da haƙuri. Na faɗi abin da na gani, aka ce uwa ce, dole ta kare 'yarta. Babanki ya san gaskiya, amma gaskiyar tana kan uwarsa, sai ya yi shiru. Bai yi ƙarya ba, bai kuma hana a yi ba. Malam ya je da kansa ya roƙi a ba ni ke in raine ki, Hajiya Kande ta ce jikarta ba za ta tashi a gidan da yarinyar nan take ba. Ta rasu yanzu. Ana cewa a yafe wa mamaci, ina kuma gwadawa duk bayan salla, Allah ya sani har yau ban kai ba.

Na ɗauka Zulai ba za ta koma makaranta ba. Ta koma, ta gama, ta dawo Tudun Kaya da farar rigarta don cika alkawari. Labarin ya riga ta isowa, tunda Rogo da nan kasuwa ɗaya muke ci. Aka ba ta ɗaki a asibitin, ta share, ta jera benci. Ba mace ɗaya da ta zo awo. Suka sa mata suna Mai Safa, har yara na bin ta da shi a hanyar rijiya. Matan da suka raka ta bakin mota suna sa albarka su ne suka riƙa cewa gara su mutu a ɗakinsu da a taɓa su da roba. Ba a kawo mata mace sai wadda ta riga ta galabaita, in ta mutu a ƙara a kan sunanta. Mutanen malamin firamaren nan suka zo da goro suka ce a yi haƙuri, kowa Allah ya haɗa shi da rabonsa. Kullum da yamma sai ta dawo ta rataye farar rigar ba ko tabo a jikinta, ta zauna tana kallonta.

Malam ya je zauren mai unguwa inda aka roƙe shi ita, dattawan nan duk suna zaune. Ya ce musu, ku kuka ce in ba ku 'ya, na ba ku, ga ta can zaune ita kaɗai, ku tura matanku mana. Suka ce maganar mata ce, wa ya isa ya rufe bakin mata. Ya tambaye su su wa ke ba matan izinin fita. Ya kaɗe rigarsa ya fito. Daga ranar bai sake taka zauren ba, abinci ma ya rage ci, mutumin da ke cinye malmala uku ya nemi ƙari. Damina na tsayawa ya kwanta, kafin a yi girbi an kai shi. Sun zo jana'iza dukansu, sahu-sahu, suna cewa mutumin kirki ne. Da na fita takaba Zulai ta zo ta durƙusa a gabana. Na ce mata tashi ki tafi, kin cika alkawarinki, su ne ba su cika nasu ba. Ta nemi canji zuwa wani gari can bayan Zariya inda ba wanda ya san ta. A can ta yi aure, a can kuma na ji ana sa wa jarirai sunanta.

Yanzu duniya ta juya. 'Yan mata daga Karaye da Rogo suna ta tafiya koyon aikin, iyayensu na alfahari. Nonon farkon da aka yi wa Zulai salati a kansa, yau a rediyo ake cewa a ba jariri. In nas ta taɓa mace ba safa, matar ce za ta fara cewa ba ta san aiki ba. Bara 'ya'yan dattawan nan suka zo nan ƙofar ɗakina suka tsuguna, wai in roƙi Zulai ta dawo, asibitin ba mace. Ɗaya har yana cewa ai amanar gari ce a wuyanta. Na ce su fara zuwa Rogo su tsaya a kasuwa su faɗi wanda ya tare ƙofa. Suka yi dariya suka ce Inna ba ta mantuwa. Har yau ba mutum ɗaya da ya ce mun zalunce ta.

Na san kina son aikin nan, kawunki ya gaya mini tun kina aji uku kike faɗa. Na san kuma Zulai ta ce ki je wurinta ta sa ki a makarantar, kika ce ko ita kaɗai ta rage a duniya ba za ki je ba. Ban ce ki je ba, ban ce kada ki je ba. In kin koya ma ban ce ki dawo wa mutanen nan ba, ni dai na ba su ɗaya na ga yadda suka yi da ita. Abin da nake so ki sani kafin in bi Malam shi ne wannan. Nonon uwarki da kika sha a duniya na ranar nan ne kaɗai, kuma hannun da ke cikin safar nan ne ya ɗora ki a kansa, duk ɗakin na ihu a cire ki. Da sanin kin sha uwarki ta tafi tana murmushi.

Saura abu ɗaya. Sunan da aka raɗa miki na uwarki ne, shi ya sa nake ce miki Ummi. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, haka muka tarar ana yi, ita ma al'adar ta ci rabonta a kaina. Ba na son takardar nan ta ƙare ana ta ce mata Yaya kamar ba ta da suna. Rubuta. Saude. Saude 'yata.

Ajiye biron. Ranar Juma'a Zulai za ta zo duba ni. Ƙafata ba ta kai ni zaure yanzu, kuma ba wanda zan aika. In ta yi sallama, ke za ki amsa.